Baba Lallaɓa da Muciyar Matarsa

A tasha babu wanda ya san shi da wani suna sai Lallaɓa. Da gemu ya fara fari aka ƙara masa Baba a gaba, shi ke nan. In kin je yau kika tambayi 'yan kamasho, za su nuna miki bencin da ke bakin ƙofar fita, kusa da rumfar mai facin taya, nan yake zama. Amma yaran nan ba su san cewa dattijon da suke gani yana taka ƙasa kamar mai jin tausayinta, da can Harsashi ake ce masa ba.

Direban bas ne, ƙaramar nan ta fasinja, tsakanin garinmu da babban gari. Hanyar kin san ta. A fita daga tasha, a wuce makaranta da gidan mai, sai miƙaƙƙen titi wanda ba gida ba rumfa, sai a hau tudu, a can sama hanya ta yi kwana a jikin katangar gidan bulo, sannan a gangara gada a faɗa kasuwa. Lokacin ƙuruciyarsa wannan hanya ba ta isarsa komai. Hannu ɗaya a sitiyari, gwiwar ɗayan a waje, maleji a ƙure. Tsofaffin mata in sun shiga motarsa tun daga tasha suke fara salati, ba sa rufe baki sai sun ga ƙafarsu a ƙasa. Shi kuwa dariya yake yi. Abin da yake taƙama da shi saurin hannu ne, don yana iya cafke ƙuda yana tashi sama, ya buɗe tafi ya nuna miki.

Sai ya yi aure. Ya samu 'yar ƙaramar mace mai bakin tsiya, wadda ba a yi mata alfahari ta yi shiru. Kullum da safe sai ya bi ta kicin yana cika baki, ya ce jiya ya wuce wane, ya bar wane a baya yana shan hayaƙi. Ran nan ta gaji, ta ɗauki muciyarta ta riƙe ta a tsaye daga wutsiya, kan yana kallon ƙasa, ta ce tunda shi ne sarkin sauri ya buɗe hannu a daidai kan, za ta saki ba tare da ta faɗa masa ba. Ta saki, ya cafke tun tana kusa da kai. Daga nan abin ya zama wasansu na safe. Ita tana ƙoƙarin ta shammace shi, ta yi masa zance, ta tambaye shi kuɗin cefane, sai ta saki a tsakiyar magana. Shi kuwa bai taɓa kuskurewa ba.

Wata safiya ya tashi ido jawur, don an yi shatar motarsa ya yi doguwar tafiya bai samu barcin kirki ba. Ta riƙe muciya, ya buɗe hannu yana hamma, ta saki. Muciya ta bi ta cikin hannunsa ta wuce, ta sauka a kan babban yatsansa na ƙafa, sannan hannun ya rufe a kan iska.

Ta dube shi ta ce, "Maigida, wannan hannun za ka kai wa sitiyari yau?"

Ya ce mota ta san mai ita, ya sa hula ya fita yana ɗingishi.

A ranar, yana gangarowa daga gada da gudun da ya saba, wani mai babur ya fito daga lungun kasuwa bai duba ba. Harsashi ya gan shi. Ya gan shi sarai, har kalar hularsa, har kajin da ya ɗaure a baya. Amma ƙafarsa tana kan totur kamar an liƙe ta. Kafin ta taso ta samu birki, babu sauran hanya tsakaninsu, sai ya murɗe sitiyari ya yi gefe, ya kwashi teburin mai kankana. Gilashin gaba ya yi jajur. Wata tsohuwa a baya ta sume. Shi kansa ya kasa buɗe ƙofa, ya zauna yana kallon jan abu yana gangarowa a gilashi, a ransa kan mai kankana ne. Sai da ya ga baƙaƙen 'ya'ya a manne a ciki sannan numfashinsa ya dawo. Mai kankana ashe ya zaga bayan rumfa, ga shi nan ya fito riƙe da buta yana zagin uwar kowa.

Tasha ta yi mako tana dariya. Shi bai yi ba. Abin da ya tsaya masa a rai ba kankana ba ce, cewa ya gani ne. Da bai ga mai babur ba, da ya ce tsautsayi ne ya shafa fatiha. To ya gani, kuma ganin bai tsinana masa komai ba. Ya yi ta juya abin har ya samo yadda yake faɗarsa, kuma har yau haka yake faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi a benci. Ya ce tsakanin ido da ƙafa akwai tafiya. Ido ya gani, sai ya ba ɗan aike saƙo, ɗan aike ya hau sama ya shaida wa kai, kai ya yi shawara, sannan ya sauko har ƙasa ya ce wa ƙafa ta tashi. Duk wannan zirga-zirga mota ba ta tsaya jiransa ba, tana ta cin hanya. In ka ƙara wuta, ɗan aike bai ƙara sauri ko kaɗan ba, hanyar da ta rage maka ce take ƙarewa da wuri. Kuma ko ƙafa ta iso, birki ma yana da tasa tafiyar, mota mai gudu ba ta tsayawa don an roƙe ta. Sannan ɗan aiken nan ba kullum yake ɗaya ba. Ran da bai yi barci ba, ko yana jin yunwa, ko an ɓata masa rai a gida, jan ƙafa yake yi kamar yaron da aka aika ɗebo ruwa ana cikin wasa.

To yaya mutum zai san lafiyar ɗan aikensa kafin ya ɗauki rayukan mutane? Sai ya koma kicin.

Muciyar tana da tabo a tsakiya, inda wuta ta taɓa lasarta, kuma a wutsiya akwai 'yar igiyar da ake rataye ta. Da waɗannan suka kafa doka, shi da matarsa, ba shaida ba alƙali. In ya cafke ƙasa da tabon wuta, ya yi tafiyarsa daidai, ba gudu ba rarrafe. In a kan tabo ne, ya rage. In sai a wurin igiya ya kama, ranar lallaɓawa ce tun daga tasha har tasha. In kuwa ta kai ƙasa, mota ta kwana a inda take. Sau ɗaya ake saki, ba a maimaitawa. Ita ta sa wannan sharaɗin, ta ce ta san halinsa, in aka ba shi na biyu zai nemi na goma.

Ko ran da ya kama a kai ma bai ƙara ƙure maleji ba, don ya lura da wani abu. Duk saurinsa, bai taɓa kama muciya a inda aka sake ta ba, sai ta ɗan yi tafiya tukuna. Haka Harsashi ya mutu, aka haifi Lallaɓa.

Ba'a kam ya sha ta. 'Yan kamasho in suna lodin motarsa sai su riƙa kira, mai ɗanyen mangwaro ya shigo nan, kafin a isa ya nuna. Direbobi su ce mace ta shiga motar Lallaɓa da jariri a goye, da aka isa yaron da ƙafarsa ya sauka. Yana ji, yana murmushi, yana goge madubinsa da tsumma. 'Yan kasuwa masu sauri suna gudun layinsa. Amma masu ƙwai, da masu ciki, da tsofaffi masu ciwon baya, da iyayen da za su sa yara a mota su kaɗai, waɗannan sai su zauna a inuwa su bar mota biyu su tashi, suna jiran tasa. Da wannan ya ciyar da gidansa, ya aurar da 'ya'ya mata, ya sa ɗa namiji a koyon walda. Mai motar, wani Alhaji mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga masa murya ba, don a motocinsa ta Lallaɓa ce kaɗai ba ta kwana a gareji.

Sai Alhaji ya rasu, motocin suka koma hannun matarsa. Hajiya ba muguwa ba ce, a rubuta wannan. 'Yar kasuwa ce mai sayar da atamfa, wadda ko ruwa a tsaye take sha. Ta tarar da marayu da motoci huɗu da direbobi huɗu, kuma ba ta taɓa zama a gaban mota tana lura da tuƙi ba. A cikin direbobin akwai ɗan yayarta, wani dogon saurayi da ake kira Guguwa, wanda yake yin sawu uku a yinin da Lallaɓa yake yin biyu. Shi ne kullum a kunnenta. Ya ce motar da ta fi kowacce lafiyar inji ita aka ba tsoho yana kiwonta kamar tunkiya, ga abokinsa nan zaune ba aiki, mai jini a jika.

Ran nan Hajiya ta sa aka kira Baba Lallaɓa shagonta. Ta ba shi kujera, ta gaishe shi da girmamawa, ta tambayi iyali. Sannan ta ce ba za ta yanke hukunci a kan maganar baki ba. Gobe tana da kaya da za ta karɓo a babban gari da wuri, a motarsa za ta tafi, a gidan gaba. In ta ga abin da mutane suke faɗa gaskiya ne, to ya yi haƙuri, makulli zai koma wani hannun.

Ya ce, "Allah ya kai mu, Hajiya." Ya tashi ya fito. Ya san babu mai motar da zai miƙa wa farin gemu makulli a wannan zamani. In wannan ya fita daga aljihunsa, shi da sitiyari sai kallo. Kuma ba yunwa ce ta fi damunsa ba. Shekarun nan duka abin da yake fata shi ne, ran da zai bar mota, shi zai kai makulli da hannunsa, ba a karɓe masa a gaban yara ba. A hanyar gida ya yi wa kansa lissafi, gobe ɗaya ce, in muciya ta yi kyau zai ɗan saki mota a miƙaƙƙen titi, Hajiya ta ga tsohon ma da sauransa.

To kin san yadda abu yake zuwa. Dama mura tana ɗan taɓa shi, don kada ya yi ta atishawa a gaban Hajiya sai ya biya kemis aka ba shi wani jan magani na ruwa. Ya sha, ya yi barci kamar an danne shi da dutse. Da safe ya tashi hanci a buɗe, amma kai kamar an cusa masa auduga.

Ya shiga kicin. Matarsa, wadda ita ma yanzu furfura ta cika mata kai, ta sauko da muciya daga ƙusa. Muciyar ta yi baƙi ta yi santsi, ta daɗe da yin ritaya daga tukunya, wannan kaɗai ne aikinta. Ya buɗe hannu, ya zuba ido, ya tattara duk hankalinsa. Ta saki. Tabon wuta ya wuce, ya ji santsin ice yana gudu a tafinsa, sai da ya kai igiya sannan yatsunsa suka rufe. Da ƙyar ma, igiyar ce ta maƙale a ɗan yatsansa.

Suka tsaya suna kallon juna. Ya ce a sake, hannunsa ne da danshi. Ta ce tun tana amarya ba a taɓa sakewa ba. Ya ce ai ta san wace rana ce yau.

Ta ce, "Muciya ba ta san Hajiya ba."

Ta karɓe ta ta mayar kan ƙusa, ta miƙa masa shayinsa, sannan ta ƙara da cewa, "Makulli nata ne, in ta so ta karɓa. Kai nawa ne, mutanen da za ka ɗauka kuma kowa da mai jiransa."

Ya shanye shayi ya fita, yana jin haushinta da haushin mai kemis da haushin icen da aka sassaƙa muciya da shi.

Hajiya ta riga shi zuwa tasha. Ta shiga gaba, jaka a cinya, agogo a hannu. Mota ta cika, aka tashi. Makaranta, gidan mai, sai ga miƙaƙƙen titi a shimfiɗe, ba mota ba akuya. Hajiya ta dubi agogo. Shi kuma sai ya ji ƙafarsa ta ɗan nutse a totur da kanta. Injin ya amsa da wata murya da ya daɗe bai ji ba, iska ta shigo ta taga, wani abu da ya yi shekaru yana barci a ƙirjinsa ya yi miƙa. Daɗi, ba ƙarya. Hajiya ta gyara zama.

Can ya ɗaga ido ya dubi madubi, sai ya hango wata mata a bayansa, tsaye a bakin kwalta da kwano a ka da yarinya a hannu. Ya wuce su, dab da su, bai gan su ba. Hanya ta tsuke masa kamar mai leƙe ta bututu, abin da ke gaba kawai yake gani, gefe da gefe duk sun shafe. Ya ɗage ƙafa a hankali, allurar maleji ta sauko, ta ci gaba da saukowa, har ta zauna inda igiya ta ce. Ya ce a ransa, to makulli, sai wata rana.

Ba a jima ba sai ga Guguwa, wanda ya taso bayansu da nisa, ya zo ya wuce su da hon mai waƙa, ya fito da hannu yana gaida innarsa. Fasinjoji suka fara tsaki. Wani mai babbar riga a baya ya ce da ya sani da ya taho da tabarma. Hajiya ta juyo ta tambaya ko motar ce ba lafiya.

Ya ce, "Mota lafiyarta ƙalau, Hajiya. Direban ne ba shi da sauri yau."

Ta ce, "Yau kaɗai, Baba?"

Mota ta kwashe da dariya. Ya haɗiye, ya kama sitiyari da hannu biyu, suka hau tudu.

A kwanar gidan bulo katanga ce ta rufe gaba, ba ka ganin abin da ke can sai ka sha kwanar. A bayan katangar akwai wani ɗan lungu mai hawa, wanda masu ruwa suke bi da kura su kai wa masu buga bulo. A ranar wani mai ruwa ya cika kura da jarkoki ya tura ta har rabin hawa, sai ta fi ƙarfinsa. Ta fara dawowa da baya, shi yana bayanta yana tokare ta da ƙirji, tana tura shi, ƙafafunsa suna zamewa, har ta fito da shi tsakiyar titi. Daidai nan Baba Lallaɓa ya sha kwana.

Ya gan shi. Ya ga bayan rigarsa jiƙe da gumi. Kuma ya ji da jikinsa yadda saƙon yake sauka a hankali, kamar mai saukowa daga bene da ciwon gwiwa, yana ce masa a zuci yi sauri, yi sauri. Gefensa Hajiya ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ƙafa ta tashi, ta samu birki, ya danna da duk ƙarfin da ya rage masa. Taya ta yi ƙara. Jakar Hajiya ta tashi ta bugi gilashi. Hancin mota ya taɓa kusurwar kura, fitilar hagu ta fashe, jarkoki suka tarwatse a titi. Mota ta tsaya.

Mai ruwa ya ɓace daga gilashi. Wannan karon ba ja a gilashin, ruwa ne kawai yake gangarowa. Baba Lallaɓa ya buɗe ƙofa ya sauka, ya zagayo gaba. Ga mutumin nan zaune a kwalta cikin ruwa, bayansa jingine da bambar motar kamar wanda ya samu kujera. Silifarsa ɗaya tana ƙarƙashin tayar gaba, ƙafar kuwa tana jikinsa, yatsu biyar cif. Ya dubi ƙafar, ya dubi tayar, sannan ya ɗaga kai ya fara masifa, wai wa zai biya shi wahalar ruwansa, tun safe yake turowa. Baba Lallaɓa ya ce bai taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Sai da ya koma ya ja mota baya kaɗan aka ciro silifar. Mai babbar rigar nan da ya nemi tabarma, shi ya naɗe hannun riga yana tsince jarkoki.

Hajiya ba ta sauka ba, kuma ba ta ce uffan ba har suka isa. Sun makara, mai kayanta ya fita, sai da ta jira shi. A tashar can kuwa Guguwa har ya kusa cika lodin dawowa, lafiyarsa lau, yana shan shayi. Da ya ga fitila sai ya tafa, ya ce a zo a ga tunkiya ta zama mai ido ɗaya. Suka kamo hanyar dawowa. Da suka sauka abin da ta ce kawai, za ta shigo gidansa bayan la'asar.

Shi dai ya gama sallamawa. Ga rashin sauri, ga fasa fitila, a gaban mai mota. Ya je gida ya zare makullin daga zoben da yake haɗe da na ɗakinsa, ya goge shi da bakin riga, ya ajiye a kan tabarma. Matarsa ta gani ba ta tambaya ba, ta ci gaba da shara.

Hajiya ta zo ita kaɗai, tana ɗan ɗingishi. Aka shimfiɗa mata darduma a ɗakin uwargida, makulli yana tsakaninsu ba wanda ya dube shi. Bayan gaisuwa ta ce ƙafarta ta dama har yanzu ciwo take, don ta danna ƙasan mota da ita kamar akwai birki a wurin. Ta ce ita ma ta ga mutumin, ta so ta ce birki, kalma ɗaya tak, amma kafin kalmar ta taso daga ciki ta iso leɓe an gama komai. Tun safe take lissafin inda za su tsaya da a ce gudun miƙaƙƙen titi suka shiga kwanar da shi, kuma duk inda ta lissafa, sai sun bi ta kan mai ruwa. Sannan ta tambaye shi yadda aka yi ya san yau ce.

Ya ce bai sani ba. Bai san da mai ruwa ba, bai san da kura ba. Abin da ya sani kawai, ɗan aikensa ya tashi da kasala. Hajiya ta ce wane ɗan aike kuma? Sai matarsa ta miƙe ta shiga kicin ta dawo da muciya.

Da aka yi mata bayani, Hajiya ta yi dariyar da ba ta yi ba tun safe, ta cire awarwaro ta ce a gwada ta. Aka saki, muciya ta wuce ta faɗa kan darduma. Ta ce ba ta shirya ba. Baba Lallaɓa ya ce doka sau ɗaya ce. Matarsa ta ce baƙuwa ce, ana yi mata biyu. Ya ce lallai, shi da ya yi shekaru yana roƙo ba a taɓa yi masa ba. A na biyu Hajiya ta kama a igiya, ta zauna tana kallon tsawon icen da ya wuce ta hannunta. Dariyar ta ɗauke. Can ta juya muciyar, ta sa kan icen ta turo makullin a kan tabarma har ya taɓa gwiwarsa.

Ta ce, "Baba, gobe ka biya gareji a sa fitila. Kuma ina son wannan abar a tasha."

Matarsa ta ce a'a, muciyarta ba ta zuwa tasha, ba ta san hannun da zai taɓa ta ba. Sai dai a sayo wata. Ita da kanta ta je kasuwa ta zaɓo mai tsawo ɗaya, ta ɗora ta a bakin wuta ta yi mata tabo, ta ɗaura igiya.

Ran da aka fara, tasha ta cika kamar ana rabon kyauta. Guguwa ne ya fara fitowa yana karkaɗa kafaɗa. Aka saki, ya cafke tun a kai, tsaf. Gaskiya yaron yana da hannu, ba a hana shi wannan. Ya ɗaga muciya sama ana masa tafi. Baba Lallaɓa ya ce madalla, ya nuna masa ɗan tazarar da ta wuce kafin ya kama, ya ce ko shi ba a inda aka saki ya riƙe ba, sannan ya ce ya dawo in ya sauke sawu na biyu, kafin ya yi lodin na uku. Da yamma ya dawo, ido ya faɗa, yana taunar goro. Aka saki. Muciya ta daki ƙasa ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin bencin mai faci. Ba wanda ya yi dariya da farko, sai da Guguwa da kansa ya durƙusa ya jawo ta, ya ce ashe da gawa ake yin sawu na uku. Ba za a ce ya zama waliyyi daga ranar ba, har yau in ya ga titi ba kowa ƙafarsa tana ƙaiƙayi. Amma ya koyi kwanciya a benci ya rufe fuska da hula kafin ya koma hanya, kuma kwanar gidan bulo da giya ta ƙasa yake shan ta.

Baba Lallaɓa ya ƙara shekaru masu kyau a kan wannan mota. Masu ƙwai suna jiransa, 'yan kamasho ba su daina maganar mangwaro ba, sai dai yanzu mai ruwan nan in ya ga motar yakan saki kura da hannu ɗaya ya ɗaga masa, shi kuma ya yi masa hon ya ce ya riƙe da biyu.

Wata safiya, lafiyarsa ƙalau, ya yi barci ya ƙoshi, ba mura ba magani, aka saki muciya ta kai ƙasa. Ya zauna a gida. Washegari ma haka. Matarsa ta tsugunna ta ɗauka ba ta dube shi ba. Shi ya fara magana, ya ce ta fito masa da farar rigarsa ta ƙasan akwati. Ya yi wanka, ya shafa turare, ya sa hula, ya taka da ƙafa har shagon Hajiya, makulli a tafin hannunsa. Da ta gan shi ta gane. Ta ture atamfar da take aunawa, ta miƙe tsaye, ta karɓa da hannu biyu. Tun daga ran da ya fara riƙe sitiyari har wannan rana, jan abin da ya taɓa zuba a gilashinsa kankana ce kaɗai.

Benci kuwa Hajiya ce ta sa aka kafa masa. Motarta ba ta fita ƙofa sai direba ya sauko ya buɗe hannu a gabansa. Direbobin wasu ma suna zuwa, da wasa suka fara, yanzu in bai fito da wuri ba har gida ake aikowa. Yana yi musu irin ta matarsa, ya tambayi mutum lafiyar amarya, yana cikin washe baki a saki.

A gida kuma ba a daina ba. Kullum da safe tsohuwar tana sauko da baƙar muciya daga ƙusa, shi yana buɗe hannu. Yawanci ƙasa take kaiwa. Amma kwanan baya ya cafke ta a kan tabon wuta, ya ɗaga ta yana juyi a tsakar kicin, yana cewa a kira Hajiya ta dawo da makulli. Matar ta karɓe kayanta ta ce tabo dai tabo ne, doka ta ce a rage, ya bi hanyar benci a hankali kada ya kwashi teburin wani.